Kujerar da Ke Kallon Ƙofa

Litinin, da safe

Likita ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta yadda gwiwata ta kwana. To, gwiwa ta kwana lafiya. Layi ɗaya ke nan, ga sauran takarda fara fat, ni kuwa Odessa Tillery ban saba ɓarna ba. Aji takwas na tsaya a makaranta na shiga masaƙa, amma bakina ya yi digiri.

Labarin gidan nan guda ne: Janar ya samu gurbi a jami'ar jiha. Janar jikana ne, Cedric. Da muƙamin saje ya bar soja, ni na ƙara masa girma tun ranar da ya dawo ya fara ba ni oda a kan yawan gishirin da nake zuba wa faten masara. Shekara shida ya yi cikin kaki, sau biyu aka kai shi can ƙasar da ba ma ambata a teburin nan. Da ya dawo ya shiga ƙaramar kwalejin garinmu ta shekara biyu, gardi guda a tsakiyar yaran da bakinsu ke ƙanshin madara. Yanzu ya kusa gamawa, jami'a ta ce ya zo ya ƙarasa karatun gyaran gaɓɓai, gwamnati za ta biya tun da ya yi mata bauta. Sai dai ya ba su amsa kafin ƙarshen wata. Tafiyar awa huɗu ce daga nan.

Na yi murna. Na soya kaza. Muna cikin ci sai ya ce wai da ya gaya wa Mista Boykin, sai da tsohon ya yi hawaye. Na ce yaushe ka gaya masa? Ya ce ran Juma'a.

Ran Juma'a. Ni sai yau.

Talata, da rana

Gwiwa lafiya.

Wannan Mista Wendell Boykin wani tsoho ne da ke tsaron ɗakin da kwaleji ta ware wa tsofaffin sojoji. Shi ma ya yi nasa yaƙin tun muna 'yan mata. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi fiye da maƙwabcina. Mista Boykin ya ce kaza, Mista Boykin ya ce kaza. Kofi yake dafa musu, Janar da kansa ya ce kamar ruwan wankin taya, amma kullum sai ya tashi da wuri ya je ya sha. Ya bar min biskit ɗina da zafinsa a kan murhu ya tafi cin fanken kanti mai sanyi.

Ni ba kishi nake ba. Mamaki dai nake. Yaron da na karɓa yana ɗan shekara huɗu da jakar leda ɗaya, na yi jinyar ƙyandarsa, na san inda ya ɓoye sigarinsa na farko. Ya dawo daga can ya rufe baki gam, ban taɓa tambayarsa ba. Ashe ba rufe yake ba, wani aka ba mabuɗin.

Alhamis, da yamma

Sista Earline ta cocinmu ta zo aron tiren gashi, ta kawo gulma a madadin. Wai a kwalejin, ranar yaye ɗalibai, kowa yana rataya wani dogon ƙyalle mai sheƙi a wuya bisa baƙar riga. Idan an tashi sai ɗalibi ya cire ya rataya wa mutumin da ya fi tsaya masa, a gaban jama'a. Ta ce jikarta ita ta rataya wa bara, har yanzu yana jikin madubinta.

Na ce ni ba ruwana da tsumma. Da ta tafi na fito da rigata shuɗiya in ga ko za ta dace da launin zinariya. Ta dace.

Jibi Janar zai je ganin jami'ar. Na ce bari in yi mana guzuri. Ya sosa ƙeya ya ce ai Mista Boykin ne zai raka shi, tafiyar za ta yi wa ƙafata nisa. Na ce haka ne, ku manyan sojoji ku je, mu farar hula ma tsare muku gari.

Asabar, bayan faɗuwar rana

Sun ce sai dare, da la'asar na ji a-kori-kurarsa ta tsaya a ƙofar gida. Bai fito ba. Na leƙa ta labule, hannayensa biyu a kan sitiyari. Na dafa ganye, na gasa burodin masara, na sake leƙawa, yana nan. Ban fita ba. Na san wannan zaman, na ɗauka mun rabu da shi.

Da ya shigo ya zauna a kujerarsa, bai ci ba. Na ce yaya jami'a? Ya ce babba ce.

Lahadi, bayan coci

Bai je ba. Ni kaɗai na zauna a bencin baya kamar wadda aka kora. Earline na can a benci na uku, mazaunina na shekara da shekaru, ta baza hularta mai gashin tsuntsu kamar ita ta gina cocin. Ni na bar mata da kaina lokacin da Janar ya dawo. Na ce wa mutane miyan Fasto ne ke fantsamo min idan wa'azi ya yi zafi.

Da na dawo ina hawa matakalar baranda na ce wash. Da gangan ko ba da gangan ba, Ubangiji ne ya sani. Janar ya taso da gudu ya riƙe ni.

Litinin, da safe

Gwiwa lafiya. Amma na ɗauko sandar mijina marigayi Clifton daga bayan ƙofa.

Laraba, da rana

Kwana biyun nan gida ya dawo gida. Ba ya zuwa shan ruwan wankin taya. Yana cin biskit uku da safe. Da yamma ya zaunar da ni ya murza min gwiwa da man zafi, yana faɗa min sunan kowace jijiya da yaren likitoci, ni kuma ina ce masa wannan ai sunan wata 'yar mawaƙan cocinmu ce. Har ya yi dariya sau ɗaya.

Wayarsa ta yi ta kuka a kan tebur, na ga sunan tsohon. Bai ɗauka ba. Na ƙara masa zuma.

Juma'a, da hantsi

Janar ya faɗa min. Yana wanke kwanuka, bayansa gare ni, abin da ba ya yi. Ya ce ya yi tunani, ba zai bar ni da wannan ƙafar ba. Ya ce shagon taya da yake taɓa musu aiki sun yi masa tayin aikin dindindin, jami'a kuwa ba guduwa za ta yi ba, ko baɗi.

Na ce, “Duk yadda ka gani, Janar.”

Abin da na ce ke nan. Na rubuta don in gan shi a rubuce.

Asabar

Gwiwa lafiya.

Lahadi, da yamma

Gwiwa lafiya. Burodin masara ya ƙone. Ban taɓa ƙona shi ba sai ranar jana'izar Clifton.

Talata, da la'asar

Yau na yi abin da na yi. Janar na fita shagon taya na cika tire da biskit, na tada tsohuwar motar Clifton na nufi kwalejin. Niyyata in ga idon mutumin nan, in nuna masa abin da ake kira abinci, in kuma tambaye shi me ya yi wa yarona ran Asabar ɗin nan.

Ɗakin yana hawa na biyu. Abin da na fara gani kujeru ne, duk an jingina su da bango suna kallon ƙofa. Raina ya ɓaci. Tun makon da Janar ya dawo na ja teburin kicin na juya masa kujerarsa haka, ban ce komai ba, bai ce komai ba, na ɗauka basirata ce ni kaɗai. Ashe ko wannan sai da tsohon ya riga ni.

Na zata zan ga wani ƙato mai lambobi a ƙirji. Ɗan tsamurmuri ne, kunnuwa kamar murfin tukunya, hannunsa na dama a naɗe da bandeji. Ya ce ke ce Misis Odessa, kullum sai an yi maganarki a nan. Na ce ni ma kullum sai an yi taka a gidana, har na fara tunanin saka maka faranti.

Na nuna hannun na ce me ya same shi. Ya ce ƙofa ce. Na ce ƙofar jami'a? Ya ce ƙofa dai. Na ce ni na raini yaron nan, ina da haƙƙin in sani. Ya ce haƙƙin Cedric ne, idan ya so ya faɗa min. Saura kaɗan in kwashe biskit ɗina.

Sai ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Na ɗan huce.

Yana ci yana ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Shi ma a wannan kwalejin ya yi bayan nasa yaƙin. Shi ma wannan jami'ar ta kira shi. Ya je ya gani ya dawo, sai ya tuna ai mahaifiyarsa na da ciwon zuciya. Ya ce ko baɗi. Tsohuwar ta yi ta rayuwa har ta binne likitocinta biyu, shi kuma ya yi ta rarraba wasiƙu a gari har ya yi ritaya, ya dawo nan yana dafa wa yara kofi.

Na ce, “Ita ta ce ka zauna?”

Ya ce, “Ba ta ce ba, Misis Odessa. Ba ta kuma ce in tafi ba.”

Ya ci biskit huɗu. Da zan fita ya raka ni bakin matakala, ya ce ya yi murna da ganin ƙafa ta yi sauƙi, ya ga na hauro babu sanda. Na ce masa kofinsa kuwa ko shuka aka ba sai ta mutu. Ya ce ya sani.

Ban so mutumin nan ba. Ina so a rubuta.

Laraba, da safe

Janar ya fito ya zauna a kujerarsa, na dube shi, sai na ga kunnuwansa sun fara fitowa kamar na tsohon nan.

Alhamis, da yamma

Na ce wa Janar ya kai ni in ga jami'ar. Ya ce me zan gani, ai magana ta ƙare. Na ce an kai Boykin ya gani da idonsa, ni ce ban isa ba? Ni da na wanke maka gindi? Ya ce ƙafarki. Na ce to, motar Clifton tana tashi, zan tuƙa kaina, idan na faɗa rafi sai ka gaya wa Mista Boykin tun ran Juma'a, ni a bari sai Litinin.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce Asabar.

Asabar, da yamma liƙis

Ƙafafuna a cikin ruwan ɗumi nake wannan rubutu, yau kam da gaske.

Babba ce, bai yi ƙarya ba. Ya nuna min ciyawa, ya nuna min agogon hasumiya, ya nuna min inda ake cin abinci. Na ce ban yi tafiyar awa huɗu don ciyawa ba, a nuna min inda ake karatun. Ya kai ni wani gini, ya tsaya a waje da wata ƙofa mai nauyi, ya ce ciki ne, shi zai jira a nan. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Na shiga ni kaɗai. Ba aji ba ne, kwano ne. Kujeru ɗaruruwa sun gangara ƙasa layi-layi zuwa wajen allo, ƙofofi biyu kuwa suna can sama, a bayan kowa. Duk inda ka zauna akwai ƙeya a gabanka, akwai gwiwa a ƙeyarka. Ƙofar da na shigo ta rufe kanta da wani irin bugu, ni da ban taɓa zuwa yaƙi ba sai da na dafe ƙirji.

Ban san abin da ya faru a ɗakin nan ran Asabar ɗin can ba. Ba zan tambaya ba.

Amma zaɓen benci sana'ata ce. Na jingine sandar Clifton na fara gwadawa. Na sauka har ƙasa, na hau, na zauna nan, na zauna can. Wannan kana ganin ƙofa ɗaya, ɗayar ta ɓuya. Wancan ginshiƙi ya tare. Kujerun kuma masu naɗewa ne, ɗaya ta kusa haɗiye ni da jakata. Sai can layin ƙarshe na sama, a kusurwar hagu: bango a baya, bango a gefe, ƙofa biyu a idonka, allo a gabanka.

Na ɗaga murya na ce Janar, zo ka cire ni, kujera ta kama min siket. Ƙarya ce. Ya shigo da sauri, ya riƙe ƙofar har ta rufu a hankali. Na matsa na ce zauna nan. Ya tsaya. Na ce oda ce, yau ni ce Janar.

Ya zauna. Na ga idonsa ya je ƙofa ta farko, ya je ta biyu, ya dawo. Kafaɗunsa suka ɗan sauko. Mun daɗe a haka.

Na ce sai dai ya riƙa zuwa da wuri ya kama ta, ya ɗora jakarsa, kada ya ji kunyar kowa. Mako uku ya isa, daga nan kowa zai san tasa ce, haka mutane suke da wurin zama ko a gidan Ubangiji. Na ce yadda na ƙwace mana bencin baya daga hannun 'yan gyangyaɗi ke nan.

Ya ce, “Na ɗauka miyan Fasto ne ya kore ki.”

Na ce, “Shekara talatin yana fantsamo min ban motsa ba.”

Sannan ya nuna sandar can bakin ƙofa, ya ce na manta da ita. Na ce au. Ya ce, “Kaka, ni nake murza gwiwar nan. Babu kumburi ko na sisi. Tun ranar farko na sani.”

Na ce to don me ka yi shiru? Ya ce ke don me kika yi? Na ce ni tsohuwa ce, an yafe min.

Sai na faɗi abin da uwar Boykin ba ta faɗa ba. Ya fi hawa matakalar wuya. Na ce, “Ka tafi, Cedric. Ba na son ganinka a kicin ɗina bana.”

A hanya ya saya min askirim, ya ce kada in gaya wa likita.

Litinin

Bai ce komai ba. Ya ci biskit biyu.

Laraba, da rana

Gobe wata zai ƙare. Ban tambaya ba. Na goge murhun da na riga na goge.

Juma'a, da yamma

Ya tashi da wuri ya tafi shan ruwan wankin taya. Da rana ya shigo da kwalaye babu komai a ciki daga shagon, ya jibge a ɗakinsa, ya tambaye ni ko zan ba shi bargon Clifton. Wai a jami'ar za su fara tun zangon bazara, tsofaffin sojoji ake fara kira su saba da wurin kafin yara su cika shi.

Na ce wa ka fara gaya wa? Ya ce Kaka, don Allah. Na ce na dai tambaya.

Boykin ne. Na sani.

Asabar ta sama, bayan an dawo daga yaye

Na sa rigata shuɗiya. Earline ta biyo mu ba a gayyace ta ba. Da aka kira sunansa na miƙe na yi ihun da har wani jariri ya fashe da kuka. Ya haye dandamali a miƙe kamar sanda, ƙyallen zinariya na sheƙi a wuyansa.

Aka tashi, aka fito ciyawa. Na gyara wuyan rigata. Na ɗan sunkuyar da kai ma, don kada ya sha wahala.

Ya wuce ni. Ya je ya rataya wa mai kunnuwa. Tsohon ya riƙe ƙyallen da hannunsa mai ciwo yana kuka kamar an mari yaro, mutane na tafi. Earline ta ce min sannu, da irin muryar nan tata. Na ce me aka yi? Ai launin ma ba ya karɓata.

A mota ban yi magana ba har muka wuce gada. Janar ya ce fushi nake? Na ce ni? A kan tsumma? Ya ce a kwalejin nan ƙyallen sallama ne, ana bai wa wanda za ka bari. Ya ce Mista Boykin bai taɓa samun wanda ya tafi a madadinsa ba.

Na ce ni fa?

Ya ce, “Ke ai ban gama da ke ba. Saura shekara biyu, can ma ana ratayawa.”

Na ce Allah ya sa kada ka tarar da wani tsohon mai dafa kofi a can. Ya ce zai duba.

Ni ba kishi nake ba. Amma na fi shi kyau a hoton.

Lahadi, da rana

Ya tafi da safe bayan ya ci biskit uku, ya ƙulle shida a takarda. Na tsaya a baranda babu sanda har motar ta sha kwana.

A coci Earline ta matsa ta buga min gefen benci na uku da mafici. Na gode mata, na wuce baya. Na saba.

Da na dawo gidan ya yi min faɗi. Na ɗora ruwa a wuta, na rasa inda zan sa kaina, sai na ja kujerarsa na zauna, karo na farko tun da na juya ta. Ana ganin ƙofa sosai, har da hanyar waje. Abin da ban sani ba, idan ka ɗan karkata ido kaɗan, murhu ne sak a gabanka, daidai inda nake tsayawa kullum ina juya tukunya ina zaginsa.

Ruwan ya tafasa ya ƙone ban tashi ba.

Gwiwa tana ciwo. Ba zan gaya masa ba.